Kada Ka Sauke Mini Kiɗa

"Ina fulas ɗina?"

Ɗakin canza kaya na mawaƙa da ke bayan coci ya cika da hayaniya, wannan tana neman allurar maƙale riga, waccan tana gyara ɗankwali a gaban tsagaggen madubi. Kanari ta zazzage jakarta a kan benci. Janbaki, mataji, hankici, makullin shago... babu fulas.

"Na ce ina fulas ɗina? Jan nan mai farin murfi!"

"Haba Kanari, ruwan ɗumi ne fa," in ji wata. "Ga nawa, ki kurɓa."

Ruwan ɗumi! Da shi ne ai da hannunta bai kama rawa ba. Kowace mawaƙiya tana yawo da fulas don jiƙa maƙogwaro, shi ya sa babu wanda ya taɓa kallon nata sau biyu. Nata kuwa shayi ne da aka tsiyaya wa giya mai ƙarfi. Shekara da shekaru ba ta buɗe baki a gaban jama'a sai ta kurɓa. Sunan Kanari ma da coci ya laƙaba mata saboda zaƙin murya, ita dai ta san daga ina yake fitowa.

Ga shi yau ba ranar wasa ba ce. Dogo, makaɗin piyano na coci, wanda ya sa mata zobe ya ce in ba ita ba sai rijiya, mahaifiyarsa ta sha doguwar hanya don ta ga surukarta da idonta. Tana can zaune a layin gaba.

"Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa."

Gimbiya ce, 'yar dattijon coci, jingine da ƙofa tana murmushi. Ita ce murya ta biyu a ƙungiyar, kuma kowa ya san ta gaji da zama ta biyu, a waƙa da kuma a idon Dogo.

"Na gan shi a ƙasa, na ajiye miki a wuri mai kyau. In an tashi zan ba ki."

"Ba ni yanzu!"

"Ai an fara kiɗa. Mu je."

Kanari ta hau dandamali. Dogo ya ɗago kai ya yi mata wannan kallon nasa mai cewa ina nan. Ya zuba kiɗan shiga. Ta ja numfashi, ta buɗe baki...

"Je ki yi waƙa."

Muryar babanta ce, daga shekarun baya, tar a kunnenta. Maƙogwaronta ya ƙulle.

Dogo ya sake zagayo da kiɗan. Shiru.

Ya sake. Shiru.

Sai ga muryar Gimbiya ta ɗauki baitin daga bayanta, sumul, kamar wadda ta daɗe tana shiri. Ai kuwa ta daɗe.

Da aka tashi, a ƙarƙashin bishiyar harabar coci, Kanari ta durƙusa ta gaida mahaifiyar Dogo. Dattijuwar ta kama hannunta ta ɗaga ta.

"Tashi, 'yata. Kunyata ce ta riƙe miki murya? Ni ba na cizo."

Kafin Kanari ta sami abin cewa, Gimbiya ta iso da jan fulas a hannu biyu, ladabi har ƙasa.

"Mama, kin sha hanya. Ga shayin surukarki, ki ɗan jiƙa maƙogwaro. Ita ba ta rabuwa da shi."

"Gimbiya..." Kanari ta miƙa hannu.

Ina! Mama ta riga ta murɗe murfin. Ba ta kai shi baki ba. Tururin kawai ya bugi hancinta, fara'ar da ke fuskarta ta ɗauke.

"Wannan warin na san shi," ta ce a hankali. "Shi ya binne mini miji."

"Mama, ki saurara..." Dogo ya matso.

Ta juya ta zuba masa ido. "Ba ka yi mamaki ba. Ka sani ke nan?"

Ya sunkuyar da kai.

Wannan sunkuyawar ta fi tonon asirin yi wa Kanari ciwo.

Mama ta rufe fulas ɗin, ta jefa shi a jakarta. "Na yi zaman gidan mashayi, ɗana ba zai yi ba. In dai ina numfashi, babu wannan auren."

Washegari da hantsi Kanari ta faɗa shagon Dogo babu sallama. Gyaran rediyo da sifika yake yi, tebur cike da wayoyi da ƙananan kusoshi, ga warin dalma. Piyanonsa na lantarki yana jingine a bango cikin jakarsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Zauna mana, tsuntsuwata..."

"Kada ka kira ni tsuntsuwa! Tun yaushe?"

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Tun kafin in ce ina sonki."

Ya zuge jakar piyanon, ya nuna mata wani ɗan baƙin maɓalli a gefe, bai kai ƙwayar wake ba.

"In na danna wannan, kiɗan gaba ɗaya sai ya sauka ƙasa, yatsuna ba su canza wuri ba, babu mai ganewa. Duk ranar da kika sha da yawa, muryarki tana nauyi, ba ta kai saman baitin. Daga jan numfashinki na farko nake ganewa. Sai in danna."

Kanari ta tsaya tana kallon ɗan maɓallin.

"Wato duk tafin da ake yi mini... ni ina tsammani hawa nake yi, ashe kai ne kake sauko mini da kiɗan?"

"Ba na so ki ji kunya, masoyiyata."

"To jiya me na ji? Daɗi?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ina ƙarami, ni ke kwashe kwalaben babana kafin baƙi su shigo. Ni ke cewa maƙwabta zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Har ya mutu ina cewa zazzaɓi. Ni son da na iya ke nan... in rufe."

Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta bar shi ya karya mata gwiwa ba. Ta zare zoben ta ɗora a kan tebur, tsakanin kusoshin.

"Kanari, don Allah!"

"Ban ce ba na sonka ba. Ina sonka har ina jin tsoro. Amma mamarka ta yi gaskiya. In ka aure ni a haka, kwalabena za ka koma kwashewa. Riƙe mini shi. In na warke zan zo in karɓa da ƙafata."

"In kuma..."

"Babu in kuma. Zan warke."

Daga nan ba ta koma shagonta na ɗinki ba. Gidan Fasto ta nufa, ta sami matarsa a tsakar gida tana shanya wanki. Tsohuwar nas ce, gajera, mai faɗin magana kai tsaye, yaran coci suna kiranta Anti suna kuma tsoronta daidai gwargwado.

"Anti, ni mashayiya ce."

Anti ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya. "To. Kin ci abinci?"

"Anti, kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Jiya ma duk coci ya ji. Amma yau ne ke kika faɗa, kuma shi ne mai amfani. Kama mini bakin zanen gadon nan."

A ranar ta kai ta wurin likita, ta ce addu'a da asibiti ba sa gaba da juna. Ta share mata ɗakin baƙi. Makonnin farko Kanari ta ga tashin hankali: rawar jiki, amai, gumi kamar an watsa mata ruwa. Anti tana riƙe da bokiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan goshinta, tana kiran sunan Yesu ba tare da ihu ba, kamar mai magana da wani da ke zaune a bakin gado.

Kada in yi muku ƙarya in ce tafiyar ta miƙe sumul. Wata rana an aiki Kanari kasuwa, ta dawo a makare idonta jajir. Ta ciro kwalba daga jaka, saura rabi, ta dire a kan tebur ta fashe da kuka.

"Na ɓata komai! Ni ba mai gyaruwa ba ce, Anti..."

"Faɗuwa kika yi, ba mutuwa ba. Wa ya kawo kwalbar nan teburina?"

"Ni."

"Da can ina kike kai ta?"

"Ɓoyewa nake yi."

"To kin gani. Yesu bai gaji da ke ba, ni ma da sauran ƙarfina. Je ki zubar da ita da hannunki, ki dawo ki zauna."

Da ta dawo, Anti ta ja kujera har gwiwoyinsu suka haɗu.

"Na wanke gyambo iri-iri a asibiti. Giyar nan bandeji ce, 'yata, mai datti kuwa. Me ke ƙarƙashinta?"

Kanari ta daɗe tana murza bakin zanenta, sannan maganar ta ɓalle. Tana 'yar makaranta mamarta ta kwanta ciwo mai tsanani. Aka sa gasar waƙa, ita ce kan gaba. Ta tafi. Ta dawo da kofin nasara a hannu tana dariya, ta tarar gida cike da mutane. Babanta ya tare ta a bakin ƙofa, a gaban kowa ya ce, "Uwarki ta mutu ita kaɗai. Je ki yi waƙa."

"Tun daga ranar, in na buɗe baki sai in ji shi. Wata ƙawa ce ta ce in kurɓi kaɗan, maƙogwaro zai saki. Ya kuwa saki..."

"Kin taɓa kai wa Ubangiji wannan maganar?"

"Ina yi masa waƙa kowace Lahadi."

"Ban ce waƙa ba. Kin taɓa gaya masa kina jin haushi? Kin taɓa gaya masa kina ganin ke kika kashe ta?"

Ranar suka durƙusa a kan tabarmar falo. Addu'ar Kanari ba ta da tsari ko kaɗan, rabi kuka rabi faɗa. Amma ta faɗi komai, ta roƙi gafara a kan shan da ƙaryar da ta rayu a ciki, ta ce ta gaji da ɗaukar gawar mamarta a wuya, Yesu ya karɓa. Da ta tashi ba ta ga wani haske ba. Yunwa ta ji, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, Anti kuwa ta ce wannan ma amsa ce.

"Saura abu ɗaya," in ji Anti. "Babanki."

"Ba zan iya ba."

"Ban ce yau ba."

Sai da watanni suka shuɗe tana ɗinkinta tana zuwa asibiti tana addu'a. A tsakanin nan labari yana iso mata ko ba ta tambaya ba. Gimbiya, duk da nisan hanya, ta mayar da gidan mahaifiyar Dogo wurin zuwanta, yau turare gobe atamfa. Dogo kuwa ya tare Gimbiyar a ƙofar coci ya ce, "'Yar'uwa, gaskiya kika tona, amma ba don Allah kika tona ba. Ki daina wahalar da kanki." Shi ma ya fara zama da Fasto a kan nasa ciwon. Bai kira Kanari ba ko sau ɗaya, don ta hana shi. Sai dai duk safiyar Asabar ta buɗe shago ta tarar an share mata ƙofa, ta kuma san tsintsiyar wa ce.

Ran nan da rana tsaka ta hau mota ta tafi gidansu.

Ta sami babanta a baranda yana fama da ƙafar wata kujera. Ya tsufa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗago ya gan ta, guduma ta tsaya a sama.

Ta durƙusa. "Baba, ina wuni."

"Lafiya..." Ya dube ta da kyau. "Ke ce?"

"Ni ce. Baba, na zo ne a kan maganar da ka faɗa mini ranar da Mama ta rasu. Ta bi ni ko'ina. Ta sa ni shan giya, na kusa lalacewa. Ban zo faɗa ba. Na zo ka yafe mini tafiyar da na yi na bar ta."

Gudumar ta faɗi ƙasa.

"Ba ki bar ta ba," ya ce. "Ita ta ce ki tafi. Kin manta? A zaune a kan gado ta goge miki rigar waƙar, hannunta yana rawa."

Kanari ta dube shi. Ta manta. Wallahi ta manta, sai yanzu ta ga dutsen gugar a kan bargo.

Babanta ya ci gaba: "Ni aka bar wa ita. Ni! Na kasa jure jin numfashinta, na ce bari in ɗan leƙa wurin abokaina in dawo. Na zauna ana hira... ina dariya. Da na dawo ta tafi." Hawaye ya bi tamojin fuskarsa. "Sai ga ki da kofi a hannu. Wutar da ke cina na ɗauka na jefa miki. Yarinya ƙarama! Kullum ina cewa gobe zan neme ki, kunya ta hana ni."

Wani irin fushi ya taso mata har kunnenta yana ƙara. Duk shekarun nan! Duk kwalaben nan, a kan laifin da ba nata ba! Ta miƙe ta nufi ƙofar gida, ta kama ƙarfen, ta tsaya. Shagon giya yana nan a kan kwana, ta gan shi tun da ta sauka daga mota.

"Yesu, riƙe ni," ta ce tsakanin haƙoranta. "Riƙe ni yanzu, don ni ba zan iya ba."

Ta tsaya har numfashinta ya daidaita. Sannan ta saki ƙarfen ta koma baranda.

"Baba, na yafe maka. Bakina ne ya fara faɗa, zuciyata tana tafe a baya, amma za ta iso. Kai ma ka kai wa Ubangiji naka, ya ishe ka haka."

Tsohon ya kifa kansa a kafaɗarta yana kuka kamar yaro. Ta riƙe shi, da ya lafa ta ɗauko gudumar ta riƙe masa ƙafar kujerar ya ƙarasa.

Ranar Lahadin da za ta koma waƙa, ta shiga coci tun kafin jama'a su taru. Dogo yana haɗa wayoyin piyano. Ya gan ta, ya miƙe har ya buge gwiwa da benci.

"Tsun... Kanari."

"Ka iya cewa tsuntsuwa. Na yi kewarsa."

"Tsuntsuwata!" Dariya da hawaye suka haɗe masa. "Kin rame, kin yi kyau, kin..."

"Dogo, abu ɗaya na zo roƙo. Komai ya faru yau, kada ka sauke mini kiɗa."

Ya sa hannu a aljihu, ya kama tafinta ya ajiye mata wani abu. Ɗan baƙin maɓallin ne. Ta kalli piyanon, sai ɗan rami a wurinsa.

"Na san hannuna," ya ce. "In yana nan zan danna."

Coci ya cika. Babanta yana can layin baya cikin rigarsa mai yawa. A layin gaba kuwa, kusa da Anti, ga mahaifiyar Dogo ta ɗaure fuska, jaka a kan cinya. Anti ce ta yi ta kiranta a waya har ta gaji ta zo.

Kanari ta karɓi makirfo.

"'Yan'uwa, kun san abin da ke cikin fulas ɗina. Gaskiya ne. Na yi muku waƙar Ubangiji da giya a bakina, ku yafe mini. Yesu yana warkar da ni, bai gama ba tukuna. Yau zan yi da muryar da ya ba ni, ko yaya ta fito."

Kiɗa ya shigo, a samansa na ainihi. Ta ja numfashi ta saurara. Muryar nan ta zo, amma daga nesa, kuma yanzu ta san muryar tsoho ce mai jin kunya. Ta buɗe baki.

Waƙa ta fito!

Ba ta kai ta da santsi ba, amma tata ce. Ta bi baitin tana hawa, tana hawa, har ta iso wurin nan mai tsawo... muryar ta tsage. Kowa ya ji. Yatsan Dogo ya tafi gefe da kansa, ya faɗa rami.

Kanari ba ta tsaya ba. Ta ɗaga masa hannu alamar ya sake zagayowa. Ta matse maɓallin a tafinta, ta ja numfashi tun daga ciki, ta sake hawa.

Ta kai. Da kyar, tana rawa, amma ta kai, ta kuma riƙe.

Daga layin baya wata tsohuwar murya ta kama amshi, sai duk coci ya ɗauka. Gimbiya ma, bayan ta ɗan yi jim, ta shigo da murya ta biyu, a wurinta.

Da aka tashi, a ƙarƙashin bishiyar nan dai, Kanari ta durƙusa a gaban mahaifiyar Dogo. Wannan karon dattijuwar ba ta yi saurin ɗaga ta ba. Ta buɗe jaka ta ciro jan fulas mai farin murfi.

Kanari ta ƙura masa ido.

"Na ajiye shi ne don duk ranar da ɗana ya sake kawo mini maganarki in buɗe masa ya shaƙa," in ji Mama. "Mijina har ya koma ga Allah bai taɓa cewa 'ni ne' ba. Ko sau ɗaya. Da ya faɗi abin da kika faɗa yau..." Ta haɗiye sauran. "Ban ce tsoro ya bar ni ba. Zan sa miki ido, ki sani."

"Ki sa, Mama. Ina so."

Mama ta murɗe murfin ta miƙa mata. Kanari ta karɓa, ta kai hanci.

Ruwan ɗumi ne da zuma.

"Da safen nan Anti ta ba ni soso da sabulu, ta ce ko in wanke shi ko in jefar, in daina yawo da shi. Na wanke, na ce in ga abin da Allah zai yi." Ta kama hannunta ta ɗaga ta. "Kai kuma Dogo, ka tsaya kana kallona kamar sandar lantarki, ina zoben yarinyar nan?"

Yana aljihunsa. Ashe kullum yana aljihunsa.

Kanari ta miƙa yatsa tana kuka tana dariya, ɗaya hannun riƙe da fulas.

"Sha mana, 'yata," in ji Mama. "Muryarki ta dishe, ga shi ranar aurenku ke za ki yi mini waƙa."

Ta kafa kai ta sha, a gaban kowa.